Jinkar Ɗakin Inna

A farkon damina guguwa ta faɗa wa ƙauyenmu, gero bai ko kai gwiwa ba. Ta kwashe jinkar ɗakuna da yawa, har da ta ɗakin innata, wadda na ɗaura da hannuna da rani. Da iska ta kwanta maza suka taru, muka bi gida gida muna mayar wa kowa abin da ta bari. Ban ga tamu ba, sai na ce a fara da na wasu.

Da hantsi muka iso gidan maƙwabcina, abokina tun muna kiwon awaki. Ga wata jinka a bayan danga, ko ɓaraka babu. Muka shiga ƙarƙashinta mu ɗauka. Da na ɗaga kai sai na ga igiyar kaba da ƙullin bahago. Duk ƙauyen ni kaɗai ne bahago.

Na ce masa a hankali, "Wannan ta Inna ce."

Ya ce, "Haba aboki, iska ta san mai ita? A gidana ta sauka. Ɗaga gefenka, za ta karkace."

Sauran sun ji, ba wanda ya tanka, don raƙuminsa ke ɗauko musu gishiri. Na ɗaga, domin in na saki za ta danne mutane. Muka ɗora ta kan ɗakinsa.

Ruwan da ya biyo baya a ƙarƙashin zana ya sami Inna, tari ya kama ta har kaka. Maƙwabcin nan yakan shigo gaishe ta, tana sa masa albarka. Ban taɓa gaya mata inda jinkarta take ba.