Waken da Ya Ƙi Dahuwa

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata ranar Laraba ba, ranar da na tsaya gaban Dakta Rifkatu riƙe da gwangwanin madara. Ku sababbin ma'aikata ku saurara, don ni na ji kunyar, ku darasin kawai za ku ɗauka.

A lokacin ni ne helma, wato shugaban leburori, a wata gonar gwaji da ke bayan Unguwar Boro. Karatuna bai wuce firamare ba, amma da fartanya aka yaye ni, shi ya sa nake ganin babu mai koya mini noma. Dakta Rifkatu kuwa, 'yar kudancin Kaduna, ita ce mai binciken iri. A farkon daminar ta kawo wani wake baƙo, ana ce masa gwar, wanda ke fitar da 'ya'ya a cure kamar yatsun hannu. Iri ashirin ne, kowanne a ambulan ɗinsa da lambarsa. Tsarin aikin shi ne kowace lamba da kunyarta, a kafa turke a rubuta. Idan sun fito, Dakta ta auna tsawo, ta ƙirga rassa, ta rubuta ranar fure. Daga baya ta haɗa mai yawan 'ya'ya da mai jure fari, a samu ɗa mai halin iyayen biyu.

Ranar shuka an kira ta taro, ta bar mini ambulan ɗin. Da na buɗe lamba sha bakwai sai na ga ƙwayoyi ƙanana, baƙaƙe, a yamutse kamar kashin ɓera. Na ce a raina an cuci baiwar Allahn nan, an sayar mata da tsintuwa. A gidanmu mafi ƙiba ake ware wa iri. Sai na ɗebo ragowar lamba huɗu, masu ƙiba da sheƙi, na shuka a kunyar sha bakwai. Baƙaƙen kuma na juye a aljihu, don manomi ba ya zubar da hatsi. Na kai wa matata Asabe a Unguwar Mu'azu, na ce ta yi mana dafa-duka.

Asabe ta ɗebi rabi ta ɗora tun hantsi. Har la'asar wake yana nan kamar tsakuwa, ruwan kuma ya yi yauƙi kamar an kaɗa karkashi.

Ta ce, "Malam, wannan wake ne ko kayan gyaran keke? Gawayina ya ƙare, shi ko gezau."

Na ce, "Na Turawa ne, sai da haƙuri."

Ta ce, "To Turawan su zo su ci."

Ta zuba wa kaji, kaji suka duba suka wuce. Ragowar ɗanyen ta juye a gwangwanin madara ta jefa saman kabad.

A gona kuwa kunyar sha bakwai ta yi kyau har ina kai mutane kallo. Dakta ce kaɗai ba ta murna. Kullum ta auna, ta dubi takarda, ta sake aunawa. Ranar Talata ta kira ni.

Ta ce, "Baba Sule, wannan lambar gajeruwa ce, mai saurin fure, ba ta damu da ruwa ba. Saboda ita na roƙi irin nan, kuma ɗan abin da ya rage a cibiyar adana iri ke nan suka ba ni. Ga shi ta fi ni tsawo, kamar tagwayen lamba huɗu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ƙila ƙasar Kaduna ce ta karɓe ta."

Ta ce, "Ƙasa ba ta canza wa wake uwa da uba. Ma'ajin da ya ƙulla mini ambulan ne ya yi sakaci. Gobe zan aika takardar ƙara, sai ya yi bayani a gaban manyansa."

Na koma gida ina ta tunanin abin da na jawo. Wani bawan Allah da ban taɓa gani ba zai rasa aikinsa saboda gwanintata. Da asuba na hau kujera na sauko da gwangwanin.

Asabe ta ce, "In dai dahuwa ce, ka nemi wata matar."

Na tarar da Dakta ta riga ta sa hannu a takardar. Na ajiye gwangwanin a teburinta, na faɗi komai, har da kajin. Ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannu, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi.

Can ta ce, "Rabin fa?"

Na ce, "An dafa, ranki ya daɗe."

"Ya yi daɗi?"

"Bai dahu ba."

Sai ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye. Da ta ɗago ta ce, "Ka gaishe mini da Mama Asabe. Da ta iya dafa shi, da ni da kai mun shiga uku."

Ta yaga takardar ƙarar, ta rubuta wata, wannan karon da sunana. An ba ni gargaɗi, aka sauke ni daga helma na shekara guda. Dakta kuma ta yi asarar damina sukutum, abin da har yau yake ci mini rai. Damina ta gaba ta tsaya a kaina na shuka ƙwayoyin gwangwani. Suka fito gajeru, marasa fasali. Da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, lamba huɗu ta langaɓe, su kuwa suna tsaye suna fure.

Abin da na koya shi ne manomi yana neman wanda ya fi kyau bana, mai binciken iri kuwa yana ajiye kowa da halinsa, don bai san wace shekara za ta zo ba. Saboda haka in kun buɗe ambulan kuka ga abin da bai yi muku ba, ku shuka shi yadda yake, ku rubuta lambarsa. Gwangwanin yana nan a ofis, Dakta tana zuba biro a ciki, kuma duk sabon ma'aikaci sai ta turo shi wurina ya tambayi tarihinsa.