Oga Sylvanus, Mai Zanen Majami'u, Ya Huta

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Oktoba 2003, ina jera bulo a Unguwar Boro, sai ga 'yarka Oluchi ta sauko daga acaɓa. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta ce, "Baba Benson, babanmu ya rasu." Na ajiye cokalin gini, na zauna a kan yashi. Ban yi kuka ba a lokacin. Wata irin gajiya ce ta sauko mini, wadda har yau ba ta sake ni ba.

Oga Sylvanus Okwuosa, shekara goma sha tara kana zane ina ginawa. Ka zo Kaduna daga Anambara kana saurayi, ka koyi zanen gini a wata masaƙa a Kakuri. Da ka bar can, sai ka koma zana wa ikilisiyoyi majami'u da azuzuwa da ɗakunan shan magani. Ni kuwa magini ne daga Zonkwa, ko sunana da ƙyar nake rubutawa sa'ad da muka haɗu. Kai ka zaunar da ni a gindin mangwaro, ka koya mini karanta zane layi bayan layi, ba ka taɓa yi mini tsawa a gaban lebura ba.

Mun ɗauka da sojoji suka koma bariki za mu sarara. Ba a cika shekara ba rikicin Fabrairu na 2000 ya zo. Cikin abin da wuta ta ci har da wata ƙaramar majami'a a gefen Kakuri, wadda mu biyu muka gina da hannunmu. Da ƙura ta lafa muka je dubawa. Kwano ya lanƙwashe, benci duk ya zama gawayi. Dattawan ikilisiya suka ce a rushe kome a sake daga tushe. Ka karɓi gudumata, ka bi bangon taku-taku kana ƙwanƙwasawa, kunnenka a jikin bulo. Ka fi awa biyu a haka cikin rana, sannan ka ce, "Uku daga cikin bangon nan suna da rai. Ɗaya ne ya mutu."

A sabon zanen ne kuka saɓa da dattawan. Suna son doguwar hasumiya wadda za a hango daga titi. Kai kuwa ka zana ƙofofi biyar, kowace tana buɗewa waje, ba hasumiya. Aka yi zama uku ba a daidaita ba. A na huɗu ka zo da Mama Edith, shugabar zumuntar mata, wadda ta karye a ƙugu ranar rikicin, lokacin da jama'a suka danne ta a bakin ƙofa ɗaya tilo da majami'ar ke da ita. Ta shigo tana dogara sanda. Ka ce, "Dattawa, ni na zana waccan ƙofar. Ba zan sake zana irinta ba. In hasumiya kuke so, ku nemi wani." Daga nan ba wanda ya sake ambaton hasumiya.

Muka gama a wata goma sha huɗu. A gefe ka ƙara ɗakin shan magani, ka juya ƙofarsa ta kalli titi, domin maƙwabta Musulmi su kawo 'ya'yansu ba sai sun ratsa harabar majami'a ba. Sun kuwa kawo.

Sai Nuwamba ta 2002, aka sake rikici, rufin ya sake ƙonewa. Mutum sama da ɗari suna ɓoye a ciki a ranar, duka suka fita, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Na yi zaton wannan zai sanyaya maka rai. Amma da muka tsaya a cikin tokar karo na biyu, sai na ga ka kasa buɗe tef ɗin awo. Ka ce, "Benson, sau nawa mutum zai gina abu ɗaya?" Sai ka miƙo mini bakin tef ɗin, ka ce, "Riƙe can." Muka auna.

Tun daga ranar ba ka koma daidai ba. Hawan jini ya kama ka, ido ya fara yi maka gizo, kana zane hancinka kusan a kan takarda. Matarka Madam Scholastica ta roƙe ka ku koma gida Anambara, kamar yadda abokanka da yawa suka yi. Ka ce sai an rufa majami'ar tukuna. An rufa ta a watan Yuli. Ranar da aka buɗe ta ba ka iya tsayawa ba, a kujera ka yi sujada, kusa da ƙofar baya.

Na gaji, Oga. Guiwoyina ba sa son hawa tsani, kuma duk bangon da na ɗaga yanzu sai in kama kaina ina tunanin yadda zai yi in wuta ta lashe shi. Ban san yadda ka ɗauki wannan nauyi ba tare da ka zagi kowa ba. Ban taɓa jin ka la'anci waɗanda suka sa wutar ba, ko sau ɗaya, ko muna mu biyu.

Ubangiji ya karɓi ranka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutun da Kaduna ta hana ka. Madam Scholastica, da 'ya'yanku Oluchi da Chibuike, da dangi na Sabon Tasha da na gida, Allah ya ta'azantar da ku, ya zama muku uba. Ya ba garin nan salama mai ɗorewa, don abin da bayinsa suka gina ya tsufa a tsaye. Amin.

Benson Katung, magini
Unguwar Boro, Kaduna