Wuƙar da ba a yi wa wanka ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isa na unguwar Mardjandafak, kuma har yau in na ga ƙarfe yana ƙyalli sai gabana ya faɗi. Shi ya bar mini wannan ciwon.

Sana'arsa sayar da yadi ce, amma zuciyarsa tana wajen tsofaffin wuƙaƙen Jamus, irin waɗanda soja ke ɗaurawa a bakin bindiga. Wasu daga garin Kuseri suka tsallako kogi, tun zamanin da Jamus ke riƙe da can. Wasu kuma tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi a hamadar arewa ne suka dawo da su, jikokinsu suka kawo masa. Yana ajiye su cikin wata randa ƙirar ƙauyen Gaoui, kowace a naɗe da tsumma mai ɗan maiƙo. 'Yan'uwana maza ba wanda ya kula, ƙwallo ta ɗauke musu hankali. Ni uwar shisshigi ni na zauna, ni kuma aka koya wa.

Ba da ido yake farawa ba. Farce yake sawa a kan hatimin masana'anta da ke kusa da ƙota. In farcen ya maƙale a gefen harafi, wuƙa tana nan yadda ta fito. In ya zame sumul, to wani ya goge ta don ta yi kyau a kasuwa. Sai ya duba ko lambar jikinta ta zo ɗaya da ta kube, ya duba baƙin launin ƙarfen mai ɗan shuɗi ko na asali ne ko shafe. Wadda aka goge, magana ɗaya yake da ita: "An yi mata wanka." Ya miƙa wa mai ita, ya ce, "Kalas, ta ƙare, saura jana'iza." A wurinsa tabo da dushewa su ne shaidar wuƙa tana da rai.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da yanzu, da ake cinikinsu ta hoton waya, kowace tana walƙiya kamar tiren amarya. Na san zai tambaya ta ina ake sa farce a hoto. Amma ba 'yan waya ne damuwata ba. Tawa damuwar tana cikin gidanmu.

Ranar sadakar arba'in ɗinsa na shiga tsakar gida na tarar da Iya, mahaifiyata, ta baje toka da lemun tsami da soson ƙarfe, yadda take wa tukwane in salla ta matso. A cinyarta ga ɗaya daga cikin wuƙaƙen, ta riga ta yi fari fat. Ta ɗago tana murmushi, na farko da na gani tun rasuwar. Ta ce, "Hauwa, dubi yadda babanki ya bar kayansa cikin dauɗa."

Tun daga ranar, duk sanda kewarsa ta taso mata sai ta sa hannu a randa. Ni kuwa in taso daga gidana na Milezi ranar Juma'a, in sa farce a ɓoye, in ji ya zame. In na yi magana, na gaya wa tsohuwa ke nan cewa da hannunta take kashe abin da mijinta ya fi so. In na yi shiru, na zuba ido ana shafe shi ɗaya bayan ɗaya. Na juya abin ta kowace fuska ban ga mafita ba. Haushi nake ji, tausayi nake ji, har shi Abban ina jin haushinsa da ya koya wa 'yarsa bai koya wa matarsa ba.

Saura guda ɗaya, wadda ya fi ji da ita, mai ƙotar katako. Bara na ɗauke ta na kai gidana, a zatona Iya ba za ta lura ba. Watan jiya ta ce, "Ina mai katakon nan? Ki dawo mini da ita."

Na ce, "Iya, wannan dai a bar ta haka. Abba ba ya son a wanke su."

"Na sani," in ji ta. "Kin ɗauka duk zamana a gidan nan ban taɓa jin yana cewa an yi mata wanka ba?" Ta dubi hannuwanta. "Ranar da ya rasu, maza suka shiga yi masa wanka da buta, suka ja labule. Ko ƙafarsa ban taɓa ba."



Allah ya jiƙan Abba. In aka tambaye ni abin da ya bari, ya bar randa cike da ƙarfe mai ƙyalli da shi kansa ba zai karɓa ko kyauta ba. Ya bar mini farce. Ya bar mace da ba ta gama sallama da shi ba. Wuƙar tana cikin jakata, duk Juma'a in je da ita in dawo da ita ban ciro ba. Iya ba ta sake tambaya ba. Ta dai sayi lemun tsami ta ajiye a bakin randa.