Cindo Mai Facin Taya da Labarin Mutuwarsa

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a tashar Dakoro ya san Cindo. Tsoho ne mai ɗingishi, yatsa shida a hannun hagu, shekara ashirin da takwas yana facin taya a runfa ɗaya. Ba ya faɗa da kowa. Abu guda aka sani ba ya so: in rediyo ta sa waƙar Na'Allah mai gurmi, sai ya miƙa hannu ya murɗe ta. Mutane sun ɗauka tsoron Allah ne.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Ɗan Gulbi. Noman gero bai karɓe shi ba, ya gudu Maradi ya koyi tuƙi. A tasha Na'Allah ya gan shi ya ɗauke shi, shekara huɗu yana kai shi biki da suna. Wata damina suna dawowa daga wasa a Azagor, makaɗa na can baya a wata mota, raƙumi ya faɗo masu a hanya, motar ta yi juyi uku. Cindo ya farfaɗo a gidan mai ɗori, ƙugu da cinya a karye. Wata goma sha ɗaya yana kwance. Ya ji a rediyo maigidansa ya warke har ya koma wasa, amma ko gaisuwa bai aiko ba. Cindo ya haɗiye abin. Da ya miƙe ya zo Dakoro, ya auri Dela, bai taɓa gaya wa kowa ya yi tuƙi ba, sai ita.

Bana, bayan girbi, Na'Allah ya fitar da littafin rayuwarsa da Faransanci. Wani mai sharhin littattafai a Yamai, Abdulhakim, ya rubuta a jarida cewa rabin littafin ƙari ne. Sharhin ya zagaya wayoyi, ya iso teburin mai shayi da ke jikin runfar Cindo. Kwana uku ana musu. Ikrama mai sayar da katin waya yana bayan mawaƙin, Amiru tela yana bayan mai sharhi. Rana ta huɗu suka jawo Jibril, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, ya zo da littafin ya fassara masu.

"Ga wurin da ya fi suka," in ji Mushe. "Babi na tara, mutuwar direba. Abdulhakim ya ce an ƙirƙiro direban ne don mai karatu ya yi hawaye. Mutum ya tuƙa ka shekara huɗu, ba ka san sunan ubansa ba, ba ka san garinsu ba?"

"Gaskiya ya faɗi," in ji Amiru.

"Karanta mu ji dai," in ji Ikrama.

Cindo yana tsoma robar taya cikin ruwa yana neman huji. Ya ji Mushe na karanto maganar Na'Allah: "Raƙumi ne ya gitta. Na kwana shida ban san inda nake ba. Da na farka, makaɗana suka ce mutanen ƙauye sun binne wanda suka tarar a ƙofar direba. Ban san danginsa ba balle in kai gaisuwa, kuma wannan kunya tawa ce har kabari. Yana da yatsa shida a hannun hagu. Cindo muke ce masa."

Robar ta suɓuce ta nutse. Cindo ya miƙe, ya dafa turken runfa.

"Mushe, sake karanta wurin nan."

Mushe ya sake. Kafin ya kai ƙarshe idon kowa ya koma kan hannun da ke riƙe da turken. Ruwa na ɗiga daga yatsun, shida cif.

"Baba Cindo," in ji Ikrama a hankali, "kai ne?"

"Wani makiyayi muka rage wa hanya," in ji Cindo. "Shina zaune kusa da ni. Ni masu amalanke suka kwashe tun da fari. Ashe shi aka binne da sunana."

Mai shayi ya bar buta ta tafasa har ta kashe garwashi. Cindo ya tafi gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Dela ta gan shi ta ajiye taɓarya.

"Malam, lafiya?"

"Dela, mutumin nan bai yar da ni ba. Ce masa aka yi na mutu."

Ta zauna a kan turmi.

Mushe Jibril ya nemo lambar gidan Na'Allah ta hannun masu buga littafin. Ɗiyarsa Laila ta ɗauka, ta ce masu wasa ne, ta kashe. Sai da aka aika mata hoton hannun Cindo sannan ta yarda. Washegari da hantsi waya ta yi ƙara a runfa, aka miƙa wa Cindo.

"Wa ke magana?" in ji wata tsohuwar murya.

"Maigida, Cindo ne."

Daga can aka ji Laila tana kiran a kawo ruwa. Da tsohon ya dawo kan waya, abin da ya iya cewa shi ne duk shekara yana yanka rago sadaka da sunan Cindo. Cindo ya ce shi kuwa duk shekarun nan da ƙullinsa yake kwana, ya roƙe shi ya yafe masa. Tsohon ya ce shi ya kamata a yafe wa, da ya tambayi sunan ƙauyensu ko sau ɗaya da ba a yi haka ba.

Musun bai mutu ba. Ikrama ya ce mai sharhi ya ji kunya tunda ga direba a zaune. Amiru ya ce littafin da ya kashe mai rai ai ƙarya ce. Suka nemi Cindo ya raba su, ya ce bai iya karatu ba.

Laila ta aiko mota, Cindo ya je Yamai wurin maigidansa ya kwana tara. Da ya dawo bai buɗe runfa ba. Ya hau motar kasuwa zuwa Azagor, yana bin rugage yana tambayar ko akwai gidan da ɗansu ya fita wata damina shekara talatin da suka wuce bai koma ba. A tafiya ta uku ya sami wata tsohuwa, yayar makiyayin. Ya kai ta har gindin wata aduwa da ke bakin hanya, ya nuna mata wurin da mutanen ƙauye suka ce sun binne ƙanenta.