Turakun Cediya a Gonar Alhasan

Har yau akwai wata rana a Salaga da ba na iya mantawa da ita. Zamanin Turawa ne, ina jan sarƙar awo a ofishin safiyo, kafin a mayar da ni Yendi, daga can Bawku. Aikina shi ne in ja sarƙa, in kafa turke duk inda Bature ya nuna.

Da bazara muka auna wata hanya da ta ratsa gefen gonar Malam Alhasan, jikan fataken goro da ya koma noman doya. Gonar aro ce daga wani dattijo Bagonje, mai ƙasar wurin. Ni kuwa mutum ne mai yawan zullumi. Na yi ta tunanin gara za ta cinye busassun turaku a ce ban yi aiki ba, sai na saro ɗanyun rassan cediya na kakkafa.

Ruwa ya sauka, duk suka yi toho. A al'adar wurin kuwa mai aro yana shuka abinci, amma ba ya dasa itace, don dasa itace cewa ne ƙasar tasa ce.

Ran kasuwa na ji an ce za a kori Alhasan daga gonar, wai shi ya dasa itacen. Ban ko nemi izinin Bature ba, na sheƙa da gudu. Na tarar da shi da dattijon tsaye, jama'a sun kewaye su.

Alhasan yana cewa, "Baba, kurmi ka ba ni. Ni na sare, ni na nome. Kowace kaka doyarka tana isa ƙofarka, hannunka bai taɓa fartanya ba."

Dattijon ya ce, "Gobe in cinikin goro ya dawo, ka ɗaure kayanka ka tafi. Ni ina za ni? Iyayena suna kwance a nan. In na bar itacen nan, 'ya'yanka za su kori nawa."

Wasu suka bi bayan wannan, wasu wancan, murya ta yi sama. Na kutsa tsakiya, na durƙusa na ce, "Baba, ni na kafa su. Tsoron gara nake yi."

Dattijon ya dube ni ya daɗe, sannan ya kece da dariya. "Kana tsoron gara, ba ka tsorona?"

Ya sa na tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina murna kamar an ƙara mini girma. Da na zo kan na ƙarshe ya riƙe hannuna, ya taka gindinsa da ƙafa, ya ce, "Ku shaida, wannan ni na dasa. Alhasan ya ci gaba da noma, ya sha inuwa."

Alhasan ya yi godiya, amma bai yi dariya ba.

Ku masu tasowa, sarƙarmu tsawo da faɗi kawai take aunawa. Kafin ka kafa komai a ƙasar mutane, tambayi mai ita, ka kuma tambayi wanda yake zufa a kanta, don shi za a kora in ka yi kuskure.