Kifin da Ba a Yanke wa Ƙaya Ba

Tokue ta shekara arba'in da ɗoriya tana gyaran kifin onikasago a bayan gidansu da ke gaɓar tekun Izu a Japan, ba ta taɓa sanin zafin ƙayarsa ba. Kada a yabe ta, ba ƙwarewarta ba ce. Mijinta Shigeharu ne ke yanke ƙayoyin tun a cikin jirgi.

Jan kifi ne mummuna, ƙaton kai, fuska duk tsiro. Can ƙasan teku yake kwanciya, inda duwatsu suka haɗu da yashi, ya lafe har ƙaramin kifi ya gifta ta bakinsa. Sauran kifayen zurfi in aka jawo su sama, idanu ke firfitowa, tumbi ya leƙo ta baki. Shi ba shi da jakar iska a ciki, da ransa yake isowa yana harara. Yana da dafi a ƙayoyin baya da na ciki, kuma ko kifin ya mutu dafin na nan. Shi ya sa masunta ke tarbarsa da almakashi kafin su jefa shi a akwatin ƙanƙara.

Bara Shigeharu ya fara mantuwa. Sunan maƙwabci, inda ya ajiye hula, ko ya ci abinci ko bai ci ba. 'Yarsu Norie ta zo daga birnin Numazu ta ce a sayar da jirgin, Tokue ta kafe. Ta san mutumin nan, in aka raba shi da teku zama zai yi gaban talabijin har a ɗauki gawarsa.

"A tudu ne yake mantuwa," ta ce wa 'yar. "A ruwa hannunsa bai manta komai ba."

Wata ranar sanyi da hantsi ya dawo, ya dire akwati, ya shiga wanka. Tokue ta cusa hannu cikin ƙanƙara ba tare da ta duba ba, yadda ta saba. Ƙaya ta shige ta a gindin babban yatsa.

Ba ta yi ihu ba. Ta zaro hannun, ta juye akwatin. Kifi ko ɗaya ba a taɓa ba, duk da ƙayoyinsu a miƙe.

Maƙwabciyarta Matsuno, wadda ke shanya ciyawar teku a kan katanga, ita ta yi ihun da ta hango hannun. Ta shigo da buta, ta sirka ruwan zafi a kwano, ta danna hannun ciki.

"Tsofai-tsofai da ke, kifi ya cije ki kamar amarya? Riƙe nan, kar ki cire!"

"Ba cizo ba ne."

"Na sani, uwar iyayi. Ke ba ki da ido ne?" Sai Matsuno ta kalli kifayen da ke zube a ƙasa da ƙayoyinsu. Can ta ce, "Yaya, maigidan ne ya manta?"

"Ƙaro ruwa, ya huce."

Hannun ya kumbura ya yi suntum, zafin ya hau har kafaɗa. Tokue tana kallonsa kamar hannun wata. Ta jira baƙin ciki ya zo, ko tsoro, ko haushi. Babu wanda ya zo. Abin da ke kanta kawai shi ne kifin zai lalace in ba a mayar da shi ƙanƙara ba.

Shigeharu ya fito da tawul a wuya. Ya ga kwano, ya ga hannu, ya ga kifi. Nan take fuskarsa ta yi ja.

"Wane ɗan iska ne ya kawo miki kifi da ƙaya?"

Matsuno ta sunkuyar da kai.

"Wani ne, Baban Norie," in ji Tokue.

"Wani wa? Faɗa mini sunansa!" Ya tsuguna ya riƙe tsintsiyar hannunta a hankali, yana duba ramin. "So yake ya kashe mini mata? Wanda bai san ya yanke ƙaya ba, ba shi da haɗi da teku. Wallahi a ƙwace jirginsa, ya zauna a gida!"

Tokue ta dubi furfurar kansa da ruwa ke ɗiga daga ita.

"To," ta ce. "Za a ƙwace."