Ƙaiƙayin da Ya Kori Yayata

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Na manta abubuwa da yawa a duniya, har shekaruna ban riƙe ba, amma daminar da ƙaiƙayi ya shiga gidanmu, wannan sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Waca. Maigidana ya riga mu gidan gaskiya, gida na hannun babban ɗana, wanda bakina ba ya kama sunansa. Ana noman farko yayata ta iso a amalanke daga ƙasar Yekuwa. Ta fita takaba ke nan, ba ɗa ba jika, sai ƙullin tsummanta da tasbaha. Na shimfiɗa mata tabarma a ɗakina.

Ko kwana uku ba ta yi ba gida ya kama susa. Surukata ta fara, sai yara, sai ni. Tsakanin yatsu, wuyan hannu, gindin cibiya. Mutum ya sosa har jini, daɗin susar na jansa, zafin na biyo baya. Muka jiƙa sabara, muka shafa toka da man shanu, a banza. Yayata kaɗai ba ta susa. Jikinta sumul.

A bakin rijiya maganar ta tashi. Miji ya mutu, ba haihuwa, ta taka gida ciwo ya sauka, ita kuma lafiya lau: wai farar ƙafa ce da ita. Ɗana ya same ni ina tsintar wake, ya durƙusa.

"Inna, Iya ta koma inda ta fito."

"Wurin wa? Kabarin mijinta?"

"Ni dai 'ya'yana nake ji."

"A bayanta na girma," na ce, "ita ta yanke maka cibi." Ya tashi ya tafi. Yayata na bayan danga, ta ji komai. Daga ranar ta daina sa hannu a ƙwaryarmu.

Ana haka ƙurajen ƙaramar jikata suka yi ruwa, jikinta ya ɗau zafi. Na goya ta zuwa gidan likita a Waca. Majon, wato babban ma'aikacin wurin, yaro ne mai tsokana. Ya buɗa yatsun yarinyar, ya buɗa nawa.

"Amaryata, ƙazwa kika kawo mini a madadin gara?"

Ban yi dariya ba. Na zayyana masa komai, har maganar ƙafa. Nan fuskarsa ta canza, ya jawo kujera. Ya ce wani ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa a fata, amma ba cizonsa ne ƙaiƙayin ba. Jiki na da masu gadi a cikin jini. Farkon zuwan ƙwaron ba su san shi ba, sai ya yi wata ko fiye yana haƙarsa shiru. Ranar da suka gane shi sai su yi gangami, su zubo wani abu da ke tsokanar jijiyoyin fata, jijiya ta kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, hannu ya tashi susa. Susar kuma ta sake zuga masu gadin.

"Don haka, Kaka, wadda ta zo jiya ba ta sa ki susa yau. Rashin susarta ma shaidarta ce: jikinta bai gama sanin baƙon ba. Wa ya shigo gidan kafin ita?"

Sai na tuna. Kafin ruwan shuka ɗana ya dawo daga cin rani, inda suke kwana jibge a tabarma ɗaya. Ya dawo yana susa, muka ce ƙurajen zafi ne. Wa ke duba fatar namijin da ya shigo da tsaraba?

Na dawo da magani da gaskiya a bakina, na tarar da tabarmar yayata a naɗe. Ashe ina fita ɗana ya ɗora yayata a amalanke.

A tsakar gida na faɗa masa, gaban matarsa. Ya dubi hannuwansa, ya daɗe yana dubansu. Muka shafe jiki da maganin daga wuya har tafin ƙafa, muka dafa tufafi, muka baza tabarmi a rana. Washegari ya ɗauki sauran maganin ya nufi Yekuwa.

Ya same ta a wata bukka bayan gidan ƙanen mijinta, tana susar wuyan hannu. Ta miƙa masa hannun.

"Ga shi, ɗana, ya fito. Ka gaya wa mutanen rijiya ni ma 'yar gida ce."

Ya yi kuka, ya roƙe ta ta hau amalanke. Ta karɓi maganin, ta sa masa albarka, ta ce ta yafe duniya da lahira, amma ba ta hau ba.

Jikar tawa ta warke, yau ita ke ɗebo mini ruwa. Majon an sauya masa wurin aiki, Allah ya saka masa. Ɗana duk kaka yana kai wa yayata damman hatsi da kansa, har ta daina buƙatar hatsi. Ni na je na yi jinyarta, a cinyata ta cika.

Abin da ya tsiro yau ba yau aka shuka shi ba. Kafin ku nuna mutum da yatsa, ku tambayi wanda ya sani. Ƙazwa ta bar gidanmu kafin gero ya nuna. Yayata ba ta sake taka gidan ba.